Kukan da Ya Zama Takarda: Nazarin Rahoton Laming a kan Victoria Climbié

Ranar 28 ga Janairu 2003 aka gabatar wa majalisar dokokin Birtaniya wani rahoto mai shafi wajen 400, wanda aka fi sani da sunan dattijon da ya shugabanci binciken, Lord Laming. Rahoton ya tsaya ne a kan wata yarinya ƴar shekara takwas, Victoria Climbié, haifaffiyar Abobo a birnin Abijan, wadda ta rasu a wani asibitin Landan ranar 25 ga Fabrairu 2000. Likitan da ya binciki gawarta ya ƙirga rauni 128 a jikinta. Waɗanda suka yi mata wannan aika-aika, wato matar da ke riƙonta da saurayin matar, tun Janairu 2001 kotu ta yi musu ɗaurin rai da rai. Saboda haka rahoton bai ɓata lokaci wajen neman mai kisa ba. Abin da ya tambaya shi ne: yaya aka yi ƙananan hukumomi huɗu, da asibiti biyu, da ƴan sanda, duk suka san da yarinyar, aka kai musu kuka a kanta fiye da sau ɗaya, amma ta mutu a hannun waɗanda ake ƙara?

Rahoton gwamnati ba shi cikin littattafan da aka saba yi wa sharhi a shafin al'adu. Wannan kuwa ya cancanta, domin abubuwa uku da ke tsakiyarsa duk na malamai ne da masu hidimar al'adu: harshe, da makaranta, da yadda ake fakewa da kalmar al'ada don a kau da ido.

Tafiyar yarinyar

An haifi Victoria ranar 2 ga Nuwamba 1991, ita ce ta biyar cikin ƴaƴa bakwai. A ƙarshen 1998 wata ƴar'uwar mahaifinta, Marie-Thérèse Kouao, wadda take matsayin kaka ga yarinyar kuma take zaune a Faransa, ta zo Abijan ta nemi a ba ta ita, a kan za ta sa ta makaranta a Turai. Iyayen suka ga alheri ya zo har gida, suka amince. Kouao ta fita da ita a kan fasfo mai ɗauke da sunan wata yarinya, Anna, ta ce ƴarta ce. Da wannan suna duk ofisoshin Landan suka san ta har ta koma ga Mahaliccinta.

A Faransa an sa ta makarantar firamare a Villepinte, kusa da Paris. Malamai suka lura tana yawan fashi, kuma in ta zo barci yakan kwashe ta a aji. A Fabrairu 1999 makarantar ta sanar da hukuma cewa yarinyar tana cikin haɗari. Da Kouao ta ga an sa mata ido sai ta cire ta, suka ƙetara Landan a Afrilu. Daga wannan rana har mutuwarta, wata goma cur, Victoria ba ta sake zama a aji ko na yini ɗaya ba.

Birnin Landan a rarrabe yake zuwa ƙananan hukumomi, kowace da majalisarta, kuma dokar yara ta 1989 ta ɗora wa kowace alhakin kare yaron da ke cikin yankinta. Ta farko da Kouao ta je ita ce Ealing, inda ta yi ta zarya sau 18 cikin wata biyu da ƴan kwanaki tana neman masauki da kuɗin abinci, sau da yawa yarinyar na biye da ita. Ma'aikata sun lura da cewa matar fes take, yarinyar kuwa duk a yamutse. Sun gani, amma abin bai wuce hira tsakaninsu ba, don a idonsu maganar gida ce aka kawo.

Ranar 18 ga Yuni wata mata da ke da dangantaka da Kouao ta buga wa hukumar Brent waya ba tare da faɗin sunanta ba, ta ce tana tsoron halin da yarinyar ke ciki. Wannan ita ce ƙara ta farko, kuma ta zo a kan kari. Sai da aka yi kusan mako huɗu kafin ma'aikata su je gidan, ranar 14 ga Yuli, suka tarar an tashi. Kouao ta riga ta koma Tottenham, gidan wani direban bas mai suna Carl Manning. A wannan rana ce ƴar matar da ke renon Victoria da rana ta ga raunukan jikinta, ta ɗauke ta sai asibitin Central Middlesex. Likitan farko ya ce wannan ba faɗuwa ba ce. Babbar likitar yara ta duba ta ce ƙazwa ce. Washegari aka janye tsaron ƴan sanda aka miƙa ta ga Kouao.

Kwana goma bayan haka aka kai ta asibitin North Middlesex da ƙunar ruwan zafi a ka da fuska. Ta yi kwana 13 a can. Ma'aikatan jinya sun ga yadda take cin abinci kamar wadda ta daɗe da yunwa, sun ga yadda take wasa da dariya in tana tare da su, da yadda take miƙewa ƙyam in Kouao ta shigo, har fitsari ya taɓa kubce mata a gabanta. A nan maganar ta faɗa hannun hukumar Haringey. An shirya zuwa duba gidan kafin a sallame ta, sai aka fasa don tsoron ɗaukar ƙazwa. Ranar 6 ga Agusta aka sake miƙa ta.

A farkon Nuwamba Kouao da kanta ta je ofishin Haringey ta ce Manning yana lalata da yarinyar, washegari ta janye maganar. Ma'aikata suka ɗauka dabara ce ta neman gida. An zauna taro, an rubuta jerin ayyukan da za a yi, mafi yawansu ba a yi ba. A cikin hunturun nan Victoria tana kwana a bahon wanka, a ɗaure, cikin ledar shara, a ɗakin da babu abin ɗumama shi. Ma'aikaciyar hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa sau uku tsakanin Disamba da Janairu ba a amsa ba, aka yi zaton sun koma Faransa. Wani direban tasi ne, ranar 24 ga Fabrairu 2000, ya ga halin da take ciki ya kai ta wurin motocin asibiti. Sanyi da yunwa sun riga sun gama da ita. Ranar da ta cika, a ranar ce Haringey ta rufe dosiyenta.

Dokin mai baki

Ƙarfin rahoton yana ga yadda ya jera waɗannan ranaku ɗaya bayan ɗaya, ofis bayan ofis, ba tare da ƙawa ba. Mai karatu yana bi yana ganin cewa ba a rasa mai kai kuka ba. Makaranta ta kai, ƴar'uwa ta kai, mai reno ta kai, ma'aikatan jinya sun rubuta abin da suka gani. Binciken ya nuna an sami dama aƙalla 12 ta ceton yarinyar. Abin da ya faru kowane karo iri ɗaya ne: kuka ya shigo da muryar mutum, aka mayar da shi takarda, takardar ta tafi wani tebur, mai teburin ya ɗauka wani ne ke da alhaki. Laming bai ga aibu a dokar 1989 ba. Ya nuna cewa abin da aka kasa yi ƙananan abubuwa ne da kowane ma'aikaci ya sani: karanta dosiye daga farko, buga waya a tabbatar, zuwa gida a duba inda yaro ke kwana.

Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Kouao tana da baki. Ita ce ke zuwa ofis, ita ce ke da buƙata, ita ake zaunarwa a saurara, har da tafinta. Sannu a hankali hukuma ta mayar da ita mai ƙara, yarinyar ta zama ɗaya daga cikin hujjojinta na neman gida. Victoria Faransanci ta fi iyawa, Ingilishinta na ƴan watanni ne. A birnin da ke cike da masu jin Faransanci, babu jami'in da ya zauna da ita, ita kaɗai, cikin harshenta, ya tambaye ta yadda take kwana da abin da take ci. Maganar da ma'aikaciyar Haringey ta yi da ita ba ta wuce gaisuwa da ƴan kalmomi ba. Shi ya sa cikin shawarwari 108 na rahoton akwai waɗanda suka ce dole a nemo tafinta ga yaron da Ingilishi ba harshensa na farko ba ne, dole a ga yaron a yi magana da shi cikin awa 24 idan an yi zargin cutarwa, kuma kada a rufe dosiye sai an ga yaron ido da ido. Duk wanda ya taɓa koyar da harshe ya san yaro ba ya faɗin abin kunya ko abin tsoro cikin harshen aro, balle a gaban wanda yake tsoro.

Fakewa da al'ada

Babin da ya fi dacewa da ƙungiyoyin al'adu shi ne wanda ya duba yadda launin fata da asalin yarinyar suka shafi aikin. Da aka ba ma'aikaciyar labarin yadda Victoria ke miƙewa tsaye a gaban Kouao da Manning, ta fassara shi da ladabi da biyayya irin na gidajen baƙar fata. Wasu likitoci da suka ga tabo a jikinta sun yi tunanin yaron da ya tashi a Afirka dole ya fi na Turai yawan tabo. Kouao ta kai ta majami'u ta ce aljanu ne ke sa ta fitsarin kwance, aka ba da shawarar addu'a. Wasu ma'aikatan kuma sun ji tsoron a ce suna nuna wariya idan suka matsa da tambaya.

Hukuncin Laming a nan daidai ne: babu al'adar da ta halatta azabtar da yaro, kuma buƙatar yaro ta tsira ɗaya ce ko daga ina ya fito. Sai dai akwai abin da wanda ya tashi a Afirka ta Yamma zai ƙara a kai. Waɗanda suka fake da al'ada ba su san al'adar ba. Duk tsohuwar da ke Abobo, ko Damagaram, ko Tawa, tana iya bambanta kunya da firgita. Yaro mai ladabi yana sunkuyar da kai, yana rusunawa, amma in an aike shi ya fita sai ka ji shi yana tsalle. Wanda ya bushe wuri ɗaya har fitsari ya zubo masa, tsoro ne ya kama shi, kuma ba a buƙatar digiri kafin a gane. Haka tabon ƙaya da na faɗuwa a gwiwa daban suke da shatar bel. An haɗa Afirka da tsibiran Karibiyan an yi musu kuɗin goro, aka kira abin girmama al'ada, alhali rashin sani ne da ƙyuyar tambaya.

Inda rahoton ya gaza

Rahoton ya yi jarunta wajen ɗora laifi. Bai yarda a sauke kayan duka a kan ƙananan ma'aikata ba. Ya nuna cewa ma'aikaciyar da aka ba Victoria ba ta daɗe da fara aiki ba, tana riƙe da dosiye 19 inda ƙa'idar ofishin ta ce 12, kuma babu mai duba aikinta yadda ya kamata. Ya nuna hukumar ba ta kashe wa sashen yara abin da gwamnati ta ƙiyasta masa ba. Ya soki manyan da suka zo gaban bincike suna cewa ba su san abin da ke faruwa a ƙasa ba, kamar rashin sanin hujja ce gare su. Haringey ma ta yi ta jinkirin miƙa takardu, har aka gurfanar da wata shugabar sashe aka ci ta tara don ƙin bayyana. Amma faɗin laifi daban, biyansa daban. Ƙaramar ma'aikaciyar aka kora aka hana ta aiki da yara, sai a 2005 wata kotu ta ɗage hanin. Wasu daga cikin manyan kuwa gaba suka ci.

Gazawa ta biyu ta fi nauyi. Bayan rahoton ya nuna cewa takarda ce ta shiga tsakanin ma'aikaci da yaro, mafi yawan maganin da ya rubuta ƙarin tsari ne: sababbin hukumomi, sababbin ƙa'idojin rubutu, da duba yiwuwar rumbun bayanan dukan yara a kwamfuta. Daga nan aka sami dokar yara ta 2004, aka naɗa kwamishinan yara, aka kafa rumbun ContactPoint wanda ya fara aiki a 2009, aka rufe shi a 2010. Ana tsakiyar waɗannan gyare-gyare, a Agusta 2007, wani yaro ɗan wata 17, Peter Connelly, ya mutu a gidansu, a cikin Haringey ɗin dai, da rauni fiye da 50, bayan jami'ai daban-daban sun gan shi kusan sau 60. Shi sunansa yana cikin rajistar yaran da ake karewa, takardunsa a cike. A 2011 Farfesa Eileen Munro, wadda gwamnati ta sa ta sake duba tsarin, ta kammala cewa bin ƙa'ida da cike takardu sun cinye lokacin da ya kamata a ba yara. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ta uku ita ce gefen Afirka. Hurumin binciken Ingila ne, don haka Abobo da Villepinte ƴan shafuka suka samu. Riƙo, wanda shi ne ƙofar da yarinyar ta bi ta fita daga gidan ubanta, bai sami zurfin nazari ba, in ban da shawarar a sake duba dokar rajistar masu riƙon yaran wasu. Wannan giɓi ba Laming ne zai cike shi ba.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa kamar yadda take a Kwadibuwa, kuma alherinta ba ya ƙirguwa. Malamai da ma'aikata da yawa a Maraɗi da Yamai sun yi karatu ne a gidan kawu ko gwaggo, don ƙauyensu babu kwaleji. Abin da ya sa riƙo yake da aminci a da shi ne idon dangi. Kaka tana zuwa, ana haɗuwa a suna da biki, ɗan kasuwa yana kawo labari, mai riƙo ya san za a tambaye shi. Victoria ta faɗa inda wannan ido ba ya kaiwa, aka canza mata suna, aka yanke ta daga iyayenta, sai idon hukuma kaɗai ya rage mata, shi kuma yana kan takarda. Yarinyar da aka kai aikatau birni mai nisa, da yaron da aka tura wata ƙasa ba mai leƙa shi, suna bakin wannan rami.

A nan ma kuka yana da ƙofofi da yawa: mai unguwa, liman, fadar sarki, ma'aikatar magajin gari, komisariya, jandarma, da alƙalin yara wanda dokar Nijar ta tanada tun 1999. Yawan ƙofofi alheri ne idan ɗaya ta ɗauki alhaki har ƙarshe. Idan kowace tura mai kuka take yi gaba, ko ta ce maganar cikin gida ce a je a sasanta, to an maimaita Landan ba tare da kuɗin Landan ba. Sasanci yana da wurinsa tsakanin manya biyu masu baki. Yaron da aka mayar hannun wanda ya ƙona shi ba shi cikin sasancin. Batun harshe kuma juyewa yake yi: Faransancin da zai buɗe bakin Victoria a Tottenham shi ne zai rufe bakin yarinyar da Hausa ko Fillanci ko Barbarci kaɗai take ji, in aka tsaya a kan harshen takarda, aka bar mai riƙonta ya yi mata tafinta.

A duk labarin, ofishin da ya fara ganewa kuma ya yi abin da ya dace shi ne makarantar Villepinte, kuma kayan aikinta rajistar kiran suna ce da idon malami. Hukumomin Landan sun san yarinyar ba ta zuwa makaranta, ba wanda ya sa ta, har rahoton ya wajabta sanar da hukumar ilimi duk lokacin da aka tarar da irin haka. Malami yana ganin yaro kwana biyar a mako, abin da babu jami'in da ke samu. Shi ne ke fara ganin fashi, da barci a aji, da doguwar riga cikin zafi, da yaron da ba ya son a tashi a koma gida. Darasin Villepinte kuma yana da wutsiya: da aka matsa, sai aka ɗauke yarinyar aka gudu da ita. Don haka aikin bai ƙare ranar da aka rubuta takarda ba. Wanda ya kai kuka ya riƙe kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, ya koma bayan kwana biyu ya tambaya ko an ga yaron, an yi magana da shi shi kaɗai, da wane harshe. Idan kuma aka wayi gari an ce an cire yaro daga makaranta za a kai shi wani gari, kafin a ja layi a kan sunansa a rajista, a san garin, a san gidan, a san wanda zai je ya gan shi.